Sanyi da Yawan Jama'a: Yadda Ake Ƙiyasta Makamashin Ɗumama Gidaje

A ƙasar Hausa, idan hunturu ya kankama, akan hura wuta a ji ɗumi na 'yan makonni. A ƙasashen da dusar ƙanƙara take zuba kuwa, ɗumama ɗaki shi ne tsare rai. Saboda haka wajibi ne kamfanonin gas da na lantarki su ƙiyasta bukatar jama'a tun sanyi bai sauko ba.

Masana sukan fara lissafi daga digiri 18 a ma'aunin Salsiyas, domin ƙasa da haka ne gidaje suke soma bukatar ɗumi. Idan matsakaicin zafin wata rana ya tsaya a digiri 8, giɓin ranar 10 ke nan. Sai a tara giɓin dukan kwanakin shekara. Gwargwadon girman jimlar, gwargwadon makamashin da gida zai ci.

To, amma sanyi kaɗai bai isa ba, domin gidaje ake ɗumamawa, ba daji ba. Alal misali, a Amurka jihar Alaska ta fi jihar New York tsananin sanyi, sai dai mutanenta ba su kai miliyan 1 ba, alhali New York tana da kimanin miliyan 20. Don haka ake auna giɓin kowane yanki da yawan mazaunansa.

Har ila yau, jama'a suna ƙaura. Amurkawa sun daɗe suna kwarara zuwa kudu mai ɗumi, har Florida ta zarce New York yawan mutane a 2014. Wannan ya rage bukatar ɗumamawa, ya ƙara ta sanyayawa.

Duk da haka, ƙasa mai ɗumi ba ta tsira ba. A Fabrairun 2021 matsanancin sanyi ya auka wa Texas, inda fiye da rabin gidaje da lantarki suke ɗumama ɗaki. Bukata ta hauhawa a daidai lokacin da rijiyoyin gas da injinan tashoshi suka daskare. Gidaje da shaguna sama da miliyan 4 suka rasa wuta, mutane fiye da 200 suka rasu.

Aiki ga ɗalibai: wani gari mai gidaje 1,000 giɓinsa 30, wani mai gidaje 5,000 giɓinsa 10. Wanne zai fi cin makamashi a ranar, kuma don me?