Kada Ka Cika Batir Ka Ajiye Mota a Rana

Bayan ƙaramar Sallah wani Alhaji ya kira ni da hantsi, rai a ɓace. Ya dawo daga Umara, motarsa Nissan Leaf ta ƙi ko kunna fitila. Na tarar da ita a tsakar gida kan siminti, an lulluɓe ta da baƙin tamfol har tayoyi, an danne gefe da bulo saboda iska. Da yaron gidan ya ɗaga tamfol ɗin, hucin da ya fito kamar an buɗe tanderu.

"Malam, sai da na cika ta fal kafin in tafi, don kada ta sauke," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, cikawar nan ce ba ta so."

Aikina gyaran wutar mota, kuma kafin motocin lantarki su fara shigo mana na daɗe ina haɗa batiran sola. Abin da ya hana motar Alhaji tashi ƙarami ne. Kusan kowace motar caji tana da ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 12, irin na motar fetur, shi ke tada kwamfutar motar ya buɗe wa babban batir hanya. Zafi ya cinye shi. Na sa sabo, ta tashi. Abin da ya dame ni yana ƙarƙashin mota, inda ba a gani.

Wahalar fetur ta koya mana cika tanki kafin a ajiye mota, kuma a motar fetur wannan dabara ce mai kyau. Batirin litiyam halinsa daban. Ko ba a tuƙa motar yana tsufa a zaune, domin ruwan sinadarin da ke cikinsa yana ci gaba da aiki a hankali, yana tara wani ɓawo a jikin farantan ciki, ɓawon nan kuma yana riƙe litiyam ɗin da ya kamata ya ɗauki caji. Abu biyu ke hanzarta wannan: zafi, da zaman batir a cike. Idan suka haɗu ɓarnar ta fi ta kowanne shi kaɗai, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin irin wannan aiki. Batir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 25. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, watan Afrilu, ma'auni yana wuce 40 a inuwa, kwalta da siminti kuwa sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, ga batir shimfiɗe a ƙasan mota, tazararsa da ƙasa ba ta kai kamu ɗaya ba.

Ba mu muka fara gani ba. A 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, gari mai zafi irin namu, suka fara ganin batiransu suna raguwa da wuri. Leaf ta wancan lokacin ba ta da ruwan sanyaya batir, iska kawai take dogara da ita. Kamfanin ya ƙara garanti a kan ƙarfin batir, sannan a ƙirar 2015 ya fito da batir mai jure zafi. Littafin motar ma ya ja kunne kada a bar ta cikin zafin da ya haura digiri 49 fiye da awa 24. Yawancin Leaf da ke shigo mana na hannu ne, sun riga sun ci shekaru a wani wuri. A allon gaban direba akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir, ta farko tana ɓacewa idan ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 85 cikin 100. Ta Alhaji saura tara. Ba tafiyar Umara ɗaya ta jawo haka ba. Ya ce min kullum yana cika ta da dare, ta wuni a rana a ƙofar shago.

Ga abin da nake gaya wa duk wanda zai yi tafiya. Ka bar caji tsakanin kashi 40 da 60. Kada ka bar shi dab da ƙarewa, domin motar tana ɗan shan wuta ko a kashe, batirin da ya sauka ƙasa ƙwarai ya daɗe a haka kuma yana iya ƙin karɓar caji gaba ɗaya. Ka nemi inuwa mai iska: rumfa mai tsawo ko gindin darbejiya sun fi garejin kwano da aka rufe ruf. Tamfol baƙi kuwa a ajiye shi. Idan ƙura ake gudu, akwai mayafin mota mai haske wanda iska ke ratsawa.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ko a bar ta a jone. Ya danganta da motar. Wadda ke sanyaya batirinta da ruwa, irin Tesla ko Chevrolet Volt, tana amfana da jonawa, domin za ta ja wutar gida ta sanyaya kanta. Tesla ma haka ta rubuta a littafinta. Amma ka saita iyakar caji ƙasa, ka kashe kyamarorin gadi da ke shan wuta dare da rana. Kuma da irin wutarmu mai zuwa da ƙarfi ta ɗauke, ba na yarda a jona mota a bar gida sai akwai na'urar kare hawan wuta da wayar ƙasa mai kyau. Na sha ganin soket ya narke saboda siririyar wayar ƙari. Leaf irin ta Alhaji kuwa jonawa ba ta sanyaya mata komai, gara a cire.

Masu BYD da sauran motoci masu nau'in batirin litiyam da ake kira LFP sukan ce nasu ba ruwansa da zafi. Gaskiya ya fi juriya, kuma yana son a cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin caji ya daidaita. Sai dai a cika a tuƙa, ba a cika a ajiye wata guda ba.

Mai motar da ke haɗa caji da fetur, irin Prius mai jonawa, ya duba ramin iskar da ke wajen kujerar baya. Ta nan fanka ke jan iska zuwa batir, ƙurar hunturu kuma tana toshe shi. Na taɓa ciro ƙura da zaren darduma cike da tafin hannu daga guda ɗaya.

Alhaji ya sa an kafa rumfa a gefen katangar gabas. Yanzu yana jona motar bayan sallar isha'i idan gari ya huce, ya cire kafin ta cika. Na nuna wa ɗansa yadda zai kwance wayar ƙaramin batir idan tafiyar za ta wuce mako uku, da sifana mai lamba 10.