Nadamar Ɗan Fashi A Sinima Da Sharuɗɗan Tuba

 

Duk wanda ya saba kallon fina-finan 'yan fashi da masu fasa-ƙwauri ya san irin mutumin nan da ya tara dukiya ta haram, sa'an nan da shekaru suka ja sai ya ce ya gaji, yana son ya wanke hannunsa ya soma sabuwar rayuwa. Masu kallo kan ji tausayinsa ƙwarai, har su manta waɗanda ya cuta. Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan gajiya tasa ita ce tuba?

A cikin 1993 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Carlito's Way, wanda Brian De Palma ya shirya daga littattafan wani alƙali, Edwin Torres. Al Pacino ne ya fito a matsayin Carlito, dillalin miyagun ƙwayoyi a birnin Niyok. An ɗaure shi shekara 30, amma bayan ya yi 5 lauyansa ya fitar da shi saboda wani kuskure da aka yi a shari'ar. Ya fito ya yi rantsuwa ya bar sana'ar, kuma da gaske yake. Burinsa ya tara dala 75,000 ya tafi tsibiran Bahamas ya shiga harkar hayar motoci, ya zauna lafiya da macen da yake so.

To, amma a ina zai sami wannan jari? Kuɗin da ya fara zubawa daga wurin wani cinikin ƙwaya ya kwaso su, inda aka kashe wani ɗan'uwansa a gabansa. Ya sa su a wani gidan rawa da tsofaffin abokan ɓarnarsa ke taruwa, ya zauna yana ƙirga abin da ya rage. Lauyan nan kuwa, kwaɗayi ya riga ya sa shi ya cinye dala miliyan 1 ta wani babban ɗan daba. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ya nemi Carlito ya taimake shi, shi kuma yana ganin ana binsa bashin alheri, ya bi shi, aka yi kisa a gabansa. Daga ƙarshe a tashar jirgin ƙasa, a bakin ƙofar jirgin da zai fitar da shi daga garin, wani yaro da ya taɓa wulaƙantawa ya harbe shi.

Kalmar tauba a Larabci asalin ma'anarta komowa ce, watau mutum ya juyo daga hanyar da yake bisa. Nadama kuwa aikin zuciya ce. Ita ce ginshiƙin tuba, amma ba a ɗora rufi a kan ginshiƙi ɗaya. Suratul Ma'ida ta ba da labarin ɗan Annabi Adamu wanda ya kashe ɗan'uwansa, ta ce ya wayi gari cikin masu nadama, amma ba ta ce ya tuba ba. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihina, ya kawo sharuɗɗa uku: barin saɓon, da nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba har abada. In laifin ya shafi wani ɗan Adam akwai na huɗu, shi ne mayar masa da hakkinsa ko neman ya yafe. Wannan na huɗun da wuya a gan shi a sinima, domin mayar da dukiya ba ya cika gidan kallo.

Carlito ya sami nadama, ya sami ƙuduri. Abin da ya yi shi ne ya gindaya wa tubarsa farashi, ya ce sai kuɗi sun cika. Wannan ma kwaɗayi ne, ko da yake bai kai na lauyansa muni ba, gama ya fi son ya fita da guzuri a kan ya fita yau.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri labarin wani mutum daga al'ummun farko wanda ya kashe rai 99. Ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba, ya ce masa babu, sai ya cika 100 da shi. Da ya je wurin masani, sai ya gaya masa babu mai shiga tsakaninsa da tuba, amma ya bar garinsu domin mugun gari ne, ya tafi wani wuri inda mutane ke bauta wa Allah. Bai tsaya neman jari ba, ya kama hanya. Yana tsakiyar tafiya ajali ya riske shi, mala'ikun rahama da na azaba suka yi jayayya a kansa, domin bai taɓa aikata wani alheri ba. Aka ce a auna tsakanin garuruwan biyu. Da aka auna sai aka tarar ya fi kusa da garin da ya nufa da taƙi ɗaya, mala'ikun rahama suka karɓe shi.