Kame kai da tsawon rai

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutanenmu, wadda lafazinta gaskiya ne amma ake fakewa da ita a cuci kai. In aka ce wa mai shan sigari ya bari, ko aka ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, sai ya ce kowa da ranarsa, ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Lalle ajali a hannun Allah yake, kuma duk wanda ya yi shakkar haka imaninsa bai inganta ba. Sai dai wanda ya rubuta ajali Shi ne ya rubuta sababinsa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta faɗa can, sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ke nan, Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya tarar da gefe mai ciyawa da gefe busasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa.

Babban sababin lafiya da ke hannun bawa shi ne ya iya hana ransa abin da yake marmari. A aya ta 31 ta Suratul A'arafi an halatta ci da sha, an hana wuce iyaka. Tirmizi kuma ya ruwaito hadisin da ya raba ciki kashi 3: na abinci, na abin sha, na numfashi. Ibnu Rajab ya kawo cewa da wani likitan Bagadaza mai suna Ibnu Masawaihi ya karanta wannan hadisi, sai ya shaida cewa da mutane za su yi aiki da shi, da masu sayar da magani sun rasa ciniki.

Likitocin zamaninmu sun auna wannan al'amari da lissafi. A shekarar 1951 wasu masana biyu a Ingila, Dol da Hil, suka fara bin rayuwar likitoci maza sama da 34.000, aka yi shekara 50 ana rubuta mai shan taba da wanda ba ya sha, da shekarun da kowa ya rasu. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna mai shan taba yana rasuwa kusan shekara 10 kafin wanda bai taɓa sha ba. Abin da ya fi kamata mu riƙe a ciki shi ne rabon wanda ya daina: mai barinta yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan duka goman nan, ɗan 40 da kamar 9, ɗan 50 da kamar 6, har ɗan 60 ma da kamar 3. Saboda haka dattijon da ke cewa ai bakin alƙalami ya bushe, ya sani ƙofar tuba a buɗe take, a jiki ma kamar yadda take a addini.

Mu dawo gida. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Sukari kuma kada ya wuce kamar giram 50. To, mu ƙidaya abin da ake zubawa a butar shayi a fada guda, daga na fari zuwa na uku, safe da yamma, a Maraɗi ko Damagaram. Ga kuma tramol da wasu samari ke haɗiya don jure aiki, har ya kai su ga farfaɗiya. Wani nau'in rashin haƙurin ma ya fi ɓoyuwa: mai tarin fuka da aka ɗora wa maganin wata 6 ya ji sauƙi a wata na biyu ya yar, cutar ta dawo ta ƙi jin magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. Mai hawan jini ya sha na mako guda ya ce ya warke, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye.

Kada a fahimce mu baibai. Ba da wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin damina muke ba, shi taimako ne haƙƙinsa a kanmu. Kuma ba kowane majinyaci ne ya jawo wa kansa ba. Annabi Ayuba ya yi jinya, kuma shi ne abin misali a haƙuri. Haramun ne mu mai da wannan darasi sandar dukan marasa lafiya.

Saura tambaya: kame kai hali ne da ake haihuwar mutum da shi, ko koyonsa ake yi? A garin Danidin na ƙasar Niyu Zilan an bi yara 1.037 da aka haifa a 1972 da 1973. A 2011 aka bayyana cewa waɗanda suka fi iya riƙe kansu tun suna ƙanana sun fi lafiyar jiki a shekara 32, sun fi tsira daga shaye-shaye da bashi, ko da an daidaita basirarsu da arzikin iyayensu. An kuma ga yaran da halinsu ya gyaru suna tasowa sun sami rabonsu na wannan alheri. Ashe ana koyonsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu cewa matan sahabbai suna sa ƴaƴansu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan abinci a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Ba su doke shi ba, ba su kuma miƙa masa akushi da kukan farko ba. Uban da ke ba ɗansa dala biyar ta alewa duk sanda ya yi kuka don ya huta da shi, ya gwada tarbiyyarsa da tasu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu. Amin.