Ciwon jijiyar huska: amfanin magani da wahalarsa

Darasin lahiya na wannan wata ya shahi wani ciwo da mutane da yawa ke ɗauka ciwon haƙori ne.

Mutum na zaune lahiya lau. Sai ya ji abu ya soke shi a kunci kamar walƙiya. Wani lokaci ƙibtawar ido ne, wani lokaci ya kai minti 2. An jima ya sake dawowa. Gehe guda na huska yake kamawa. Abin da ke tada shi ƙarami ne: tauna goro, aswaki, wankin huska wajen alwala, magana, ko iskar hunturu. Akwai wanda ke barin tuwo don tsoron tauna, ya koma ga kunu, har ya rame. Ciwon ya hi kama waɗanda suka wuce shekara 50, kuma mata sun hi maza samunsa.

Daga ina yake zuwa? Jijiyoyi 12 ke hitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane gehe. Ta 5 ita ke sa huska ta ji taɓi da zahi. Tana da rassa 3: na goshi, na kunci, da na haɓa. Sau da yawa wata hanyar jini ce ke danne ta can cikin kai. Tushen ciwon na cikin kai, amma a haƙori ake jin shi. Shi ya sa ake cire wa mutum haƙori mai lahiya, ɗaya, biyu, ciwon na nan daram. Ƙahon wanzami da tsaga iyakarsu fata. Parasetamol da asfirin ba su yi masa komi. Tramol na ƴan talla kuwa, ƙarin cuta ne: ya kama mutum ya kasa bari.

Maganin da lokotoro ke fara badawa sunansa karbamazepin. A farmasi ana samunsa da sunan Tegretol. Tun shekarar 1962 ake aiki da shi kan wannan ciwo. Shi ne kuma ake ba masu farfaɗiya. To, kada wanda aka rubuta wa ya ce an yi kuskure. Yana kwantar da ciwon ga galibin masu shi cikin ƴan kwanaki. Kwantarwa ce, ba warkarwa ba.

Amma maganin na da tasa wahala. Yana sa barci, jiri, tashin zuciya da tangaɗi. Wani ya ga abu ɗaya ya zama biyu. Ga tsoho wannan ba wasa ba ne, domin yana iya faɗuwa. Mai jan ruwa bakin rijiya da mai tuƙa moto su kula ƙwarai. Don haka ake farawa da kaɗan, a ƙara sannu sannu. Yawanci jirin kan ragu in jiki ya saba.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ƙuraje suka hito a jiki, ko baki ya yi gyambo, ko ido ya yi ja tare da zazzaɓi, musamman a watannin farko, kada a sha ƙwaya ta gaba. A tahi gidan likita a ranar. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta gaya wa lokotoro tun kahin ya rubuta, domin maganin na iya taɓa jinjiri. Yana kuma rage ƙarhin ƙwayoyin tazarar haihuwa.

In jiri da barci ne kawai, nan ne mutane ke kuskure. Sai su jehar da ƙwayoyin su koma wurin wanzami. Kwana kaɗan ciwon ya dawo. A ganina wanda ya auna jirin sahe da ciwon da ke hana shi ci, bai kamata ya yanke shawara shi kaɗai ba. Ya koma wurin lokotoro. Ana iya rage yawan maganin, ko a sauya lokacin sha, ko a canza shi da wani, kamar okskarbazepin ko gabapentin. Ana kuma auna jini lokaci lokaci, a duba hanta da gishirin jiki.

In magunguna sun kasa, sauran aiki a babban gidan likita. Iri ɗaya, a buɗe bayan kunne a raba hanyar jinin da jijiyar. Shi ya hi daɗewa da amfani, amma babban aiki ne, kuma wani kan rasa jin kunnen wannan gehe. Iri na biyu, a kai allura wurin jijiyar a rage mata ji. Ya hi sauƙi ga tsoho, sai dai huska kan mutu a gehen, kuma ciwon na iya dawowa bayan shekaru.

Ranar komawa gidan likita, a riƙe takardar magani da kwalin ƙwayoyin. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta wa maras lahiya sau nawa ciwon ke tashi a wuni, da abin da ke tada shi, da wahalar da maganin ke ba shi. Da wannan takarda lokotoro zai san abin da zai rage ko ya ƙara.