Adadin 20,160 da Amfaninsa Wajen Rabo

Malamin hakimi da ya raba kuɗi ko hatsi tsakanin ƙauyuka, ko ya taimaki alƙali wajen rabon gado, ya san abin da ragowa ke jawowa. Ko kwabo biyu suka saura, sai an tambayi aljihun da suka shiga. Saboda haka ya kamata ya san halin adadi tun bai fara rabo ba.

A zamanin wuri, keso ɗaya wuri 20,000 ne. Adadin yana da daɗin faɗi, amma yana da gardama wajen rabo. Tushensa biyu ne kaɗai, watau 2 da 5. In aka nemi sulusinsa a sami 6,666, saura 2. Sudusinsa kuwa 3,333, saura 2. Ga shi sulusi da sudusi suna cikin farillan gado. Adadin da ke raba shi daidai guda 30 ne.

To, a ƙara 160 kawai ya zama 20,160, sai hali ya sake. Wannan adadi cika ne, ba mara ba, tushensa kuwa huɗu: 64 sau 9 sau 5 sau 7, watau 2 ninki shida, 3 ninki biyu, da 5, da 7. Yana rabuwa daidai da kowane adadi daga 1 har 10. Rabinsa 10,080, rubu'insa 5,040, sumuninsa 2,520, sulusinsa 6,720, sudusinsa 3,360. Sai a 11 ya fara ƙi, inda 8 ke saura. Masu raba shi daidai guda 84 ne, babu kuwa wani adadi ƙasa da shi mai wannan yawa. Ramanujan, masanin lissafi mutumin Indiya, ya yi rubutu kan irin waɗannan a 1915.

Masanan dā sun kasa adadi kashi uku. A tara masu raba shi, ban da shi kansa: in jimlar ta zo daidai da shi, kammalalle ne, kamar 6 da 28, in ta gaza, mai giɓi ne, in ta ɗara, mai rara ne. Jimlar ta 20,160 ita ce 59,088, saboda haka mai rara ne ƙwarai.

Wani abin sha'awa, kafin naira ta zo a 1973 kwabo 240 ne fam guda, sai ya zama kwabo 20,160 fam 84 ne cif. Mintocin mako biyu ma 20,160 ne.

Hanyar gwaji ba wuya. Malami ya tara alƙaluman adadin: 2, 0, 1, 6 da 0 sun ba da 9, ashe zai rabu da 3 da 9. Na keso 2 suke bayarwa, ba zai rabu ba. In ya ga haka, lalle ya rubuta ragowar a littafi, ya nuna wa hakimi kafin a tara masu rabo.