Amsoshin Tambayoyinku: Me ya hana a auna boltejin filasma da mitar masu gyaran wuta?

Wani mai aikin wayarin daga Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Sana'ata haɗa wutar lantarki a gidaje. In ina son sanin boltej, wayoyin mita biyu nake ɗorawa, ja da baƙa, in karanta. Na ji an ce masana na shan wahala wajen auna boltejin abin da ake kira filasma. Me ya hana su zura mita kamar yadda muke yi?"

Ai kai ma ba baƙon filasma ba ne. Abin da ke ci a cikin dogon ƙwan fitila na fulorasan, da harshen wutar da ke tsakanin sandar walda da ƙarfe, duk ita ce. Iskar gas ce da aka ɗirka wa ƙarfi har ilektiron masu cajin nagetif suka ɓalle daga ƙwayoyin zarra, suka bar ayon masu cajin fozitif, kowa na yawonsa.

Zura waya a ciki ba wuya, ana yi kullum. A haɗa baƙar wayar da bangon tukunyar ƙarfen da filasmar ke ciki, a tura jar tsakiya. Mita za ta nuna lamba, sai dai lambar ba ta filasmar ba ce. Ga dalili. Ilektiron ba shi da nauyin a zo a gani, amma ayon ɗin gas ɗin argon ya ninka shi nauyi sau wajen 73,000. Ka san yadda ake yi in mota ta tsaya a tasha: yara masu talla sun cika tagogi kafin dattawa su gama miƙewa. Haka ilektiron ke rigan ayon isa kan wayar. Nan take wayar ta tara cajin nagetif, ta fara korar ilektiron da ke tafe tana jawo ayon, har sai masu isowa daga ɓangarorin biyu sun yi daidai. A nan allurar mita ke tsayawa, ƙasa da boltejin filasmar na ainihi. Bambancin kusan duka yana cikin wani siririn kube da ya lulluɓe wayar, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

Giɓin ba ƙarami ba ne. A filasmar argon irin ta ɗakin bincike, zafin ilektiron kan kai digiri 35,000, kuma a wannan zafin mitar za ta gaza da kimanin bolt 15. Kada digirin ya ba ka tsoro: ilektiron ne kawai ke da wannan zafi, kuma ba su da yawa, shi ya sa kake iya taɓa ƙwan fulorasan da hannu.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Irving Langmuir, masanin kamfanin General Electric a Amurka, shi da abokin aikinsa Harold Mott-Smith, a 1926. Maimakon su bar wayar ta zaɓi boltejinta, sai suka tilasta mata nasu. Har yau haka ake yi. Ana saka wayar tungsten a cikin bututun tangaran, a bar ɗan bakinta kawai a waje, a riƙa ƙara mata boltej kaɗan-kaɗan ana rubuta yawan wutar da take sha, a zana layinsa a takarda. Tana can ƙasa, ayon kaɗai ke isa gare ta. Ana ɗagawa, ilektiron na ƙara samun hanya, wutar na hauhawa da sauri. Inda layin zanen ya tanƙware ya daina wannan hawan, nan boltejin wayar ya yi daidai da na filasmar. Gangaren layin kuma ya faɗi zafin ilektiron. A takarda abin gwanin sha'awa. A aikace tanƙwarar ba ta cika fitowa sarai ba, musamman in akwai maganaɗisu, ko bakin wayar ya yi datti. Don haka ni na fi amincewa da dabara ta biyu: a lanƙwasa wayar kamar ta cikin tsohon ƙwan fitila, a zafafa ta har ta yi fari. Sai ita ma ta riƙa fitar da nata ilektiron, cajin da ya taru ya ragu, mita ta matso kusa da gaskiya.

A tsakiyar na'urar binciken filasma da ake kira tokamak, inda zafi ya haura digiri miliyan 100, babu wayar da za ta rayu. Can sai a harba ayon masu nauyi, irin na sinadarin siziyom, su ratsa filasmar, a auna yadda ƙarfinsu ya sauya a wajen fita.

Shi wannan kuben da ke rikita mita, masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar hannu da shi suke cin abinci. Suna ɗora faifan silikon a kan farantin da ake kaɗawa da wuta mai juyawa sau miliyan 13.56 a daƙiƙa. Faifan ya tara cajin nagetif, wani lokaci har ɗaruruwan bolt, sai ayon su tsallaka kuben su sauko masa a miƙe, suna sassaƙa ramukan da suka fi silin gashi sirantaka sau dubbai. In boltejin ya yi ƙasa, sassaƙar ta yi nawa, bangon ramin ya karkace. In ya yi yawa, ayon su lalata abin da ke ƙarƙashi, a yi asarar faifan gaba ɗaya.