Noma Sana'a Ce: Sa Asara Cikin Lissafi Tun Rani

Manomi, falke ba ya ɗaure kaya sai ya lissafa kuɗin mota da abin da zai iya lalacewa a hanya. To, gonarka ma kasuwanci ce. Iri da taki da kuɗin ƙwadago su ne jarinka. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka tsare jarin nan.

Me ya taɓa faruwa?

Tambayi dattawan Indabo labarin farin 1973 da na 1984. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gyaɗa a ƙasar Kano da maƙwabta. A 2016 tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir. Abin da ya zo jiya yana iya dawowa gobe. Wanda ya dogara ga amfani iri ɗaya shi ya fi shan wuya.

Yadda za ka yi

Sayi ɗan littafi. Raba shafi gida uku: aikin da za ka yi, abin da zai iya ɓaci, da maganinsa. In ba ka iya boko ba, rubuta da ajami, ko yaronka ya rubuta maka. Sa'an nan ka bi ayyukan shekara ɗaya bayan ɗaya.

1. Zaɓen amfani. Haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa. In wani ya ƙi, wani zai yi. Ware wani yanki don iri mai saurin nuna, kamar gero SOSAT da gyaɗa SAMNUT 24.

2. Shuka. Ruwan fari yakan yaudari mutum, ya sauka ya ɗauke. Saurari hasashen damina na hukumar NiMet a rediyo. Kada ka shuka irinka duka. Rage wanda za ka sake shukawa in tsiro ya ƙone.

3. Taki da ciyawa. Takin zamani yakan yi tsada ko wuyar samu da damina, saboda haka tanade shi tun rani, ka kuma kai takin gargajiya gona. Tuge ƙuduji kafin ya yi fure. Inda ya yi yawa, shuka gyaɗa ko waken suya a shekara mai zuwa.

4. Ajiya. Ƙwaro na iya mai da buhun wake gari cikin 'yan watanni. Shanya shi ya bushe sarai, ka zuba a buhun PICS mai ruɓi uku, ka ɗaure kowane ruɓi dabam. Ba sai ka sa magani ba.

5. Sayarwa. Da kaka kowa ke kai hatsi kasuwa, farashi yakan faɗi. Fara ware abincin gida da iri. Ragowar kada ka kai shi kasuwar Wudil a Juma'a ɗaya, sayar kaɗan-kaɗan. Riƙe akuya ko tunkiya don larura, kada rashin lafiya ya sa ka buɗe rumbu da arha.

6. Bashi. Kafin ka karɓa, tambayi kanka: in na sami rabin abin da nake tsammani, zan iya biya? In amsar a'a ce, rage bashin. Akwai kuma inshorar amfanin gona ta NAIC, shirin da Gwamnatin Tarayya ta fara a 1987.

Bayan girbi

Rubuta ranar shuka, kuɗin da ka kashe, dami ko buhu nawa kowace gona ta ba ka, da farashin da ka sayar. In ka yi haka shekara 3, littafin da kansa zai gaya maka gonar da ke cin taki ba riba, da watan da ya fi kyau ka sayar da wake.

Kawo littafinka wajen malamin gona na KNARDA ku duba tare kafin ruwa ya sauka. Tun ran gini, ran zane.